Kwano Ɗaya a Kaulaha

Ranar da za mu tashi daga Kano, Hajiyarmu ta cika mini jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji, wai ta ji an ce mutanen Sanigal ba su da abinci sai kifi. Na yi mata dariya. Ban yi mako biyu a can ba na yarda tsohuwa ta fi ni sanin duniya, ita da ko Zariya ba ta cika zuwa ba.

Ni tela ne a Fagge. A ƙarshen 2017 na bi ayarin zawiyyarmu zuwa Maulidin Kaulaha, amma da wata niyya ta biyu a raina: in an watse in tsaya wata biyu, in ga yadda ake ɗinkin nan da muke kira Sanigal a garin masu shi. Shekara da shekaru muna kwaikwayonsa daga hotunan waya, wuyan riga bai taɓa zama mana yadda yake zama musu ba. Malaminmu yana da aboki tela a unguwar Madina Baay, wanda Kanawa ke sauka gidansa duk shekara. Ya rubuta wasiƙa da Larabci, ya naɗe, ya ce in ba shi hannu da hannu.

Ta Katsina da Jibiya muka shiga Maraɗi, a can na canji kuɗina zuwa sefa. Daga Maraɗi har Yamai ba ka jin ka bar gida. Konni, Dogondutsi, Doso, duk inda mota ta tsaya da Hausa za ka sayi tsirenka. Sai da muka haye gadar Yamai muka nufi Torodi sannan bakinmu ya fara mutuwa. Da muka shiga Burkina Faso agogo ma ya ja da baya da awa ɗaya. A lokacin hanyar Fada Ngurma tana biyuwa, yanzu kam ba mai ba ka shawarar ka bi ta.

Shinge kuwa na daina ƙirgawa tun kafin Wagadugu. Tsarin ɗaya ne ko'ina: a tsayar da mota, kowa ya sauko, yaron mota ya tattara fasfo da katin allurar shawara, a shige da su wani ɗaki, sai a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Fasfonmu na ECOWAS ne, babu maganar biza, amma akwai maganar jaka ɗaya ko jaka biyu, wato sefa dubu ɗaya ko dubu biyu. A wani shinge da ba zan faɗi ƙasarsa ba, wani dattijo mutumin Gusau ya ce shi ko sisi ba zai bayar ba, takardunsa cikakku ne. Ba wanda ya yi masa tsawa. Benci aka nuna masa aka ce ya huta. Muka yi la'asar a wurin, muka yi magariba, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya yi barcinsa. Daga ƙarshe wata mata ta kwance bakin zaninta ta je ta biya masa a ɓoye. Shi kuwa har muka isa Kaulaha yana ba mutane labarin yadda ya tsaya a kan gaskiyarsa aka sake shi. Ba wanda ya tona.

Bobo, Sikaso, Bamako, ba abin da zan ce a kansu sai kwanan tasha a kan kwali da ciwon baya. Bayan garin Kay muka haye gadar kogin Faleme, tsakanin Diboli da Kidira, inda manyan motocin kaya masu zuwa Bamako daga tashar jiragen ruwan Dakar suke jere iya ganinka. Daga Tambakunda zuwa Kafrin kuka ce ta ko'ina, da gyaɗa da aka tara tsibi-tsibi a bakin ƙauyuka, don kakarta ce. Na tuna mahaifina, wanda har ya rasu yana ba mu labarin dalar gyaɗar Kano. A kwana na shida da hantsi muka shigo Kaulaha, ƙura har cikin kunne.

Maulidin, wanda su suke kira Gamu, ba shi na zo ba da labari ba, waɗanda suka fi ni sun bayar. Abin da zan ce kawai, a kwanakin nan in ka rufe ido a gaban babban masallacin sai ka rantse a Ƙofar Mata kake, saboda Hausar da ke tashi ta kowace kusurwa. Tun da Shehu Ibrahim Inyass ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937 ƙafar mutanenmu ba ta ɗauke daga garin nan ba. Unguwar Madina Baay shi ya kafa ta a 1930, a nan kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1975. Gidan da na sauka mu wajen talatin ne baƙi, a tsakar gida da soro da saman bene. Masu gidan ban ma san inda suke kwana ba.

Da motoci suka tafi, gari ya yi tsit, sai na fara ganin mutanen gidan ɗaya-ɗaya. Maigidan, Pa ake ce masa, don a unguwar nan in ka ce Baay kawai to Shehu kake nufi. Dogo ne baƙi, ba shi da yawan magana, yana jin Larabci sosai, da shi muke lallaɓawa da ɗan abin da na samo a Islamiyya. Sai uwargida, Yaay, wato uwa, wadda ita ce gwamnatin gidan. Sai amaryarta, da tsohuwa Maam mahaifiyar Pa, da 'ya'ya da almajiran ɗinki da ban taɓa gama rarrabe ɗan wa da ɗan wa ba. Tambaya kuwa ba a yi. Ranar da na ce wa babban ɗan, wanda yake ɗan jin Turanci, su nawa ne a wurin mahaifinsu, sai ya yi murmushi ya ce, "Muna nan dai, alhamdulillahi." Ba a ƙirga 'ya'ya, tsoron baki. Wannan kam ban ji shi baƙo ba, kakata ma haka take.

Aka ba ni ɗaki ni kaɗai, mai gado da fanka da labule sabo, an turara shi da turaren wutarsu har yana hawa kai. Daga baya na gane ɗakin babban ɗan ne da ƙaninsa, an kwashe su an kai ɗakin almajirai.

Matsalata ta farko kwano ce.

A Kano in ka yi baƙo, abinci za a kai masa ɗaki a rufe da faifai, a ja masa ƙofa, ya ci a sirrance, ya rage saura don kada a ce mayunwaci ne. Ni ban taɓa ganin mahaifina ya sa hannu kwano ɗaya da mahaifiyata ba. To, ranar farko da misalin ƙarfe biyu da rabi na ji ana ƙwala kira, "Kano! Kay lekk!" Wato zo ka ci. Na fito na tarar an shimfiɗa leda a inuwa, an ajiye wani ƙaton kwano kamar daron wanka, mutane wajen tara sun kewaye shi: Pa, Yaay, Maam, samari, 'yammata. Aka matsa mini wuri tsakanin Pa da Yaay. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Cebujen ne, wato shinkafa da kifi. Shinkafar 'yar ɓarzajjiya ce, ta sha man gyaɗa da tumatir ta yi jajawur, a tsakiya an ɗora kifi da rogo da karas da kabeji da gauta da kuɓewa, gefe ga tsamiya da dakakken ganyen yakuwa da ƙanzo, wanda su a wurinsu abin rububi ne. Na yi loma uku na ce alhamdulillahi, irin ladabin da aka koya mini. Yaay ta dube ni kamar na zage ta. "Lekkal!" Ci. Na ƙara biyu. "Lekkal!" Don in nuna mata ina ci, sai na miƙa hannu tsakiya na gutsuro kifi. Wata yarinya 'yar shekara shida ta ɗago ta kalle ni, ta kalli uwarta, ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce uffan, amma na san na yi ɓarna.

Ashe kwanon nan da kake gani a buɗe yana da iyakoki kamar gonar gado. Kowa da gabansa, ba ka tsallakawa gaban wani, tsakiya kuwa hannun uwargida kaɗai ke zuwa can. Ita za ta riƙa gutsura kifi tana cire ƙaya, tana ɓantarar rogo da karas tana jefa wa kowa gabansa, hannunta bai tsaya ba, idonta na kan kowa. Ta san wanda ba ya son gauta, ta san wanda jiya bai ci da kyau ba. Ita da kanta sai ka rasa yaushe take kai loma baki. Yara kuma suna dafe bakin kwanon da yatsan hagu, idonsu a ƙasa, ba sa magana. Ni kuwa, da yake baƙo ne, tsokar kifi mafi kyau gabana take faɗowa, ina cinyewa wata na sauka. Sai da babban ɗan ya koya mini kalmomi biyu na tsira, "Nekh na," ya yi daɗi, da "Sur na," na ƙoshi. Ya kuma ce su kaɗai ba sa isa. Muddin kana zaune ba ka ƙoshi ba. In ka gama ka lashe hannunka ka miƙe, shi ke nan.

Shinkafa da rana, sau da yawa shinkafa da dare, abincin daren kuma sai wajen goma. Yau da kifi, gobe yasa mai albasa da lemon tsami, jibi mafe, wato miyar gyaɗa. Da safe dogon burodin nan irin na Faransawa, a tsaga a zuba wake ko a shafa bota, da kofin Tuba, wato gahawarsu mai ƙamshin kimba. Akwai wani abu da suke jefawa a tukunya, yet, busasshen naman dodon koɗin teku, wanda ranar da na fara jin warinsa na ɗauka wani abu ne ya mutu a bayan gida. Yanzu da nake rubutun nan kuwa yawuna ya tsinke. Ruwan garin ma da ɗan gishiri-gishiri, don kogin Salum da ke gefensa na gishiri ne, har haƙar gishirin ake yi ana lodawa a manyan motoci. Na lura da yawa daga 'yan asalin garin haƙoransu sun yi ja, na ɗauka goro ne, ashe ruwan ne ke rina su tun suna yara. Na sha a gidanmu a jarka ake sayo shi.

A mako na uku tuwo ya fara zuwar mini a mafarki. Wani dare aka yi cere, wani abu kamar burabuskon gero, na ji yana da ɗan yauƙi. Na tambaya, aka nuno mini wani kore gari a kwalba, wai lalo. Na shinshina. Kuka ce! Daddawa ma suna da ita, netetu suke ce mata. Washegari na ce wa Yaay, da hannu da ƙafa, ina so in yi musu abincin garinmu. Ni da ban taɓa riƙe muciya ba sai dai kallo. Mata suka kewaye ni suna dariya har da riƙe ciki, amarya ta karɓe tuƙin da ta ga zan kifar da tukunya, ni ina daga gefe ina ba da umarni kamar wani ƙwararre. Tuwon ya yi gudaji, miyar kuwa ba laifi, don na zuba mata yajin Hajiya. Yara suka riƙa tsokanarsa da yatsa suna kallon juna. Pa ya ci loma huɗu cikin mutunci ya ce, "Barakallahu fika." Maam ce kaɗai ta zauna ta share gabanta, ta faɗi wata magana aka fashe da dariya. Aka fassara mini: wai mutanen Kano suna da tausayin marasa haƙori. Bayan isha na ji ƙamshin shinkafa na tashi daga madafa.

Sunan Kano bai daɗe a kaina ba. Wata rana Pa ya ce mutum ba ya zama a garin nan ba shi da sunan dangi, don da shi ake gaisuwa. Ya ba ni nasu, Njaay. Gaisuwarsu kuwa mu da ake cewa muna da doguwar gaisuwa sai mu sara musu. "Nanga def?" "Mangi fi." A tambayi mutanen gida, a tambayi lafiya, a koma farko, ana yi ana maimaita sunan dangin juna, Njaay, Njaay, Joob, Joob, hannu cikin hannu, kowa na kallon wani wuri. Kuma duk wanda ka tarar sai ka bi shi da hannu. Ranar da na shigo da sauri na yi sallama ɗaya na wuce ɗaki, Maam ta aiko a tambaye ni ko wani ya yi mini laifi.

Ba a gaya mini sunan yana zuwa da abokan wasa ba. Wani maƙwabci mai keken doki, ɗan dangin Joob, yana jin an ce mini Njaay sai ya tare ni a hanya, ya kama hannuna yana ta zuba, mutane na dariya. Wai ni bawansa ne, wai mu Njaay ba mu san komai ba sai ciki, wai ya ji labarin tun da na zo shinkafa ta yi tsada a kasuwa. Raina ya fara ɓaci, sai na ga Pa da kansa yana murmushi. Nan take na gane: Bakano ne da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare. Na sa aka koya mini yadda ake cewa "kai ne bawana," washegari na riga shi. Daga ranar bai ƙara karɓar kuɗina a kekensa ba.

Kuɗi su ne suka kusa ɓata ni da mutanen nan. Na farko dai ƙidaya. Mai kanti ya ce mini "temer," na duba 'yar takardar da nake rubuta kalmomi na ga ɗari ke nan, na miƙa masa sefa 100, ya bi ni da kallo. Wanda ya warware mini wani Ba'adare ne daga wajen Tawa, mai gasa nama a kusa da tasha. Naman nasa ma sunansa dibi Hausa, haka duk ƙasar ke kiransa, da yajin ƙuli irin namu. Ya ce, "Haba malam, ai dala ce. Yadda muke yi a Nijar haka suke yi, ko wane ɗaya biyar ne." Temer ɗari biyar ke nan, kofin Tuba na sefa 50 kuma goma za a ce maka. Rumfar mutumin nan ta zama mini ofishin jakadanci. Duk daren da Hausa ta taru mini a baki, sai in hau Jakarta, wato acaɓarsu, in biya sefa 200 in je mu sha hira.

Na biyu ya fi muni. Da na cika wata guda, na ga ina ci ina sha ina kwana a kan gadon wani, sai na sa jaka hamsin a ambulan na kai wa Pa bayan sallar asuba. Ya buɗe, ya rufe, ya ajiye a kan gwiwata. Ya ce da Larabci, a hankali, "A otal ka sauka?" Bai ƙara ba. Ranar har dare bai dube ni ba, a kwano ma Yaay tana jefo mini kifi fuskarta a ɗaure. Na je wa Ba'adare da zancen, ya yi salati. Ya ce abin da suke kira teranga, wato karrama baƙo, ba a sa masa farashi, in ka biya ka nuna ba ka son a ci gaba da zumunci ke nan. Amma kuma wanda ya zauna ya naɗe hannu wata da watanni, shi ma ana ganinsa. Ya ce, "Kada ka ba namiji, kada ka kira shi biya, kada ka yi a gaban mutane." Sai na koma sayen sukari da ganyen shayi, in shigo da kankana bayan abincin rana, ranar Juma'a in damƙa wa Maam kuɗin goro. Wata rana na sa mai keken doki ya sauke buhun shinkafa a ƙofar madafa lokacin da kowa ke masallaci. Ba wanda ya tambayi daga ina ya fito, ba wanda ya gode mini. Da daddare dai na ji Pa ya kira ni da Njaay sau uku a gaisuwa ɗaya.

A shago kuwa kwana goma na farko ko keke ban taɓa ba. Dutsen guga Pa ya miƙa mini, ni da nake da yara huɗu a ƙarƙashina a Fagge. Na haɗiye. Daga baya na gane a nan karatun yake, don wuyan nan da ke ba mu wahala tun a yanka da guga ake zaunar da shi, kafin allura ta taɓa shi. Mu gaggawa ce ke cinmu, muna so mu fitar da riga biyar kafin magariba. Su kuwa bayan abincin rana sai an yi ataya, shayin nan na ɗan ƙaramin buta, zagaye uku: na farko ɗaci, na biyu da na'ana'a, na uku zaƙi zalla. Yaro ɗaya zai zauna yana ɗaga buta yana zuba shi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, awa biyu ta tafi. Da farko ina ganin ɓata lokaci ne, har yanzu ma ban fasa ganin haka gaba ɗaya ba. Sai dai duk wani ciniki da sulhu da neman aure da na gani a shagon nan, tsakanin kofi na biyu da na uku aka ƙulla shi. Wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Na yi wata biyu ban ji ƙarar janareto a layinmu ba, abin har ya riƙa hana ni barci.

Yaay ba ta zaman gida. Tana da rumfar atamfa da shadda a babbar kasuwar Kaulaha, takan tsallaka Gambiya saro kaya ta dawo a yini biyu, ita ce kuma uwar adashin matan layin. Ranar sunan jikar ƙanwarta na ga abin da ya fi ƙarfin bikin Kano: shadda tana ƙara kamar takarda, maroƙa na kirari, ana ƙirga kuɗi da turamen zani a bainar jama'a ana shela, wata na rubutawa a littafi don ranar ramuwa. A raina na ce wannan bashi ne aka yi masa kwalliya, amma wa ya isa ya faɗa? Mu ma ai muna da namu lefen. Haka almajirai. Kullum da safe sai sun zo ƙofa da jan gwangwanin tumatir a hannu, ƙafa ba takalmi, akwai biyu da Yaay ke ajiye wa abinci daban. Da na gan su sai na ji kamar a Fagge nake, kuma ba daɗi na ji ba.

Akwai kuma rago. Fari ne ƙato, irin wanda suke kira ladum, yana da suna, yana da ɗakinsa da aka shafe da siminti, ana yi masa wanka da sabulu duk Lahadi. Na tambayi Pa ko na layya ne. Ya dube ni kamar na ce a yanka babban ɗansa.

Sau ɗaya na je Dakar, ni da babban ɗan, sayen zare da shadda a kasuwar HLM. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, a tsohuwar Fijo mai cin mutum bakwai, mu a kujerar can baya gwiwa a haɓa. Muka bi ta Fatik, garin shugaban ƙasarsu na lokacin Macky Sall, da Mbur, muka wuce kusa da sabon filin jirgin sama na Blaise Diagne da aka buɗe a watan Disambar nan. Dakar akwai iskar teku mai sanyi, akwai tsada, akwai cunkoso. Kwana ɗaya muka yi. Abin da ya ba ni mamaki, muna shigowa Kaulaha na ji bakina ya ce, "Alhamdulillahi, mun iso gida."

Saura kwana goma sha biyu in tafi, na dawo daga shago na tarar jakata a ƙofar ɗakin almajirai. Ɗakina an share, an canja zanin gado, turare na tashi. Wani malami ne ya zo daga Muritaniya. Ba wanda ya nemi izinina, ba wanda ya ba ni haƙuri. Aka nuna mini katifa a ƙasa tsakanin yara biyar, ga sauro, ga wani mai minshari kamar injin markaɗe. Na kwana ina saƙa da warwara: ko buhun shinkafar ne ya yi kaɗan, ko na daɗe ne an gaji da ni? Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu, ni kuwa rana ta daɗe da fitowa a kaina.

Da rana aka zauna kwano. Malamin Muritaniya aka sa tsakanin Pa da Yaay, ya sunkuyar da kai yana tsakurar shinkafa. Tsokar nan mai kyau ta tashi ta faɗa gabansa. Ni aka jefo mini wutsiya da guntun rogo. Ya yi loma uku ya ce alhamdulillahi. Kafin Yaay ta buɗe baki na ji wata murya ta ce, "Lekkal!" Tawa ce. Aka kwashe da dariya, har Pa sai da ya ƙware. Ina miƙewa Yaay ta ƙwala mini kira, ta miƙo mini kuɗi ba tare da ta dube ni ba, ta ce in sayo gawayi, in kuma yi sauri. Da na dawo ta yi mini faɗa wai an cuce ni a awo.

Ranar tafiyata ba a yi ta shela ba, don ba sa son a riƙa faɗin ranar tafiya. Da asuba na fito da jaka na tarar an ɗaure mini wani ƙunshi: cere busasshe, garin kofin Tuba, netetu, turaren wuta na kai wa Hajiya, da wata shadda ruwan toka da Pa ya yanka da hannunsa bai ɗinka ba, wai in ƙarasa a Kano ya gani a hoto. Maam ta tofa mini addu'a a tafin hannu. Na miƙa wa Pa hannun dama, sai ya noƙe ya miƙo na hagu. Na tsaya turus, a garinmu ai wannan raini ne. Babban ɗan ya ce haka ake yi wa mai tafiya mai nisa, an yi gaisuwa ba daidai ba, dole ka dawo a gyara. Yaay ba ta ba ni hannu ba. Ruwa ta ɗebo a moɗa ta kwara a bakin ƙofa, ta ce in taka in wuce, kada in waiwaya. Mai keken doki na jira a waje, yana ta faɗa wa duk mai wucewa cewa yau shinkafa za ta sauko.

Kwana bakwai na yi a hanyar dawowa, shingayen na nan inda na bar su. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi ƙiba, ta tambayi wace ce wannan Yaay ɗin da ba na minti biyar ban ambace ta ba. Ta kwance ƙunshin, ta shinshina netetun, ta taɓe baki ta ce daddawarsu ba ta kai tamu ba. Da daddare na ji ta a miya.